Ƙusar Na-Kaina

A danginmu kaf, in ka ce Na-Kaina, babu mai tambayarka wanne. Sunansa na yanka ya ɓace tun da daɗewa, hatta maiɗakinsa sai ta ɗaga kai ta kalli rufi kafin ta tuno shi. Daga bakinsa ya samo laƙabin. Ka yaba hularsa, ya ce, "Ta kaina ce." Ka ce keken nan yana da kyau, ya ce, "Na kaina ne." An ce wata rana mura ta kama shi, wani ya yi masa sannu, ya ce, "Yawwa, ta kaina ce, ba aro na yi ba."

Yana da wata ƙusa a aljihun gaba na rigarsa, doguwa, ta yi sumul don shafa. Duk abin da ya shigo hannunsa ya zama nasa, sai ya zaro ta ya ja masa layi biyu, ya ɗiga ɗigo a tsakani. Buta tana da alamar, bokiti yana da ita, ƙafar gado, bayan rediyo, gindin kofin shayi. Da inuwa tana karɓar zane, da tasa ma ba ta tsira ba. Mu taubasai mukan ce a duba bayan kunnen 'ya'yansa, ba mamaki a ga layi biyu da ɗigo.

Muna dariya, amma abin ba daga dariya ya faro ba.

Ubansa tela ne, Allah ya jiƙan rai, mai hannu kamar na aljani, sai dai har ya bar duniya bai taɓa mallakar keken ɗinki ba. Na haya yake aiki da shi, na wani mai kanti a bakin kasuwa. Tsohon bai iya rubutu ba, saboda haka duk yadin da aka kawo masa sai ya ɗauki alli ya ja layi biyu a gefe da ɗigo a tsakani, wato wannan yana hannuna. Wata rana da hantsi mai kanti ya sami wanda zai biya shi fiye da haka, ya aiko ƙarti su ɗauko kayansa. Suka tarar da tela a tsakiyar ɗinkin rigar wata mata. Ya ce su yi masa haƙuri ya kai ƙarshen layin nan kawai. Suka ce an ce musu yanzu. Suka ɗaga keken da rigar a ƙarƙashin allura, zare yana jan ƙasa, sai da ya bi su har titi yana roƙon a ba shi rigar mutane.

Na-Kaina yana ƙarami a lokacin, yana zaune a ƙasa yana tsintar ƙyallaye. Bai ga ubansa ya yi kuka ba. Abin da ya gani shi ne tsohon ya dawo ya zauna a kan bencinsa, gabansa fili, ƙafarsa ta dama tana ta taka iska, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar ba a gaya mata ba. A ranar yaron ya ɗauki alamar uban ya riƙe. Sai dai ya lura alli yana gogewa, don haka ya nemi ƙusa.

Bai gaji ɗinki ba. Ya yi 'yar makarantarsa, ya koyi bugun tafireta, ya yi dako, ya yi gadi, ya ci wuya har ya sayi tafireta tasa ta kansa. Ya kafa tebur a gindin wata bishiya kusa da ofisoshin hukuma, yana buga wa mutane takardar neman aiki da ta koke da ta sayen fili. Daga bishiya ya koma shago, ɗaki guda mai ƙyauren ƙarfe da taga ɗaya, fanka a sama mai kukan tsohuwar akuya, kanta a bango cike da farar takarda. Shagon ma bai yarda ya zauna a cikinsa da haya ba, sai da ya matsa wa mai shi ya sayar masa. Ranar da aka ba shi mukulli, kafin ya buɗe ƙofa ya zana ta.

Da zamanin kwamfuta ya zo, bai tsaya gardama da zamani ba, wannan kam a ba shi. Ya tafi kanti ya zaɓi kwamfuta da wani ƙaton inji mai bugawa da fotokwafi. Mai sayarwa ya ce masa akwai hanyar haya, a biya wata-wata, in ya lalace su gyara. Na-Kaina ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Ya sayar da filin da shi da maiɗakinsa suka yi niyyar ginawa, ya biya lakadan. Maiɗakinsa ta yi damina guda ba ta sa masa gishiri daidai a miya ba.

Injin nan sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga. 'Yan unguwa suka sa masa suna Giwa. In aka kunna ta, fitilun maƙwabta sai sun yi ƙifce, kyankyasai su kwashe iyalansu su bar layin. Amma ta yi aiki, kada a ci amanarta. A bayanta aka biya kuɗin makarantar yara, a bayanta aka yi aure biyu, aka kai tsohuwarsa asibiti har Allah ya karɓi abarsa.

Cikin 'ya'yansa, mazan duk sun kama gabansu, babu mai sha'awar ƙamshin tawada. Macen ce ta tsaya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiranta sai Uwata. Tun tana makaranta take zuwa shago, har ta fi shi gane cikin kwamfuta, ta yi aure ba ta daina zuwa ba. Yatsunta in suna gudu a kan madannai, ka ce ruwan sama ne a kan kwano. Bai taɓa faɗa da baki ba, amma kowa ya san burinsa ɗaya ne a duniya: ranar da ƙafarsa ta gaza, a tarar da ƙofar nan a buɗe da Uwata a ciki.

To, Giwa ta tsufa. Ta fara da cin takarda, ta koma jan baƙin layi a tsakiyar kowane shafi, kamar ita ma ta koyi sa alama. Mai gyara ya zo ya tafi har ya zama ɗan gida. Daga baya ya ce kamfanin ya daina ƙera kayan gyaranta, sai dai a ciro daga gawar wata. Kwamfutar kuma in ka kunna ta da safe, kana iya zuwa ka yi aski ka dawo ba ta gama miƙa ba.

A daidai lokacin wani ya buɗe shago a tsallaken titi, mai ƙofar gilashi. Kayansa duk na haya ne, kuma ba ya ɓoyewa. Abu ya lalace da safe, kafin la'asar an kawo masa wani. Ɗalibai masu buga kundin kammala karatu, waɗanda su ne rumbun Na-Kaina, suka fara gaishe shi daga nesa suna tsallakawa.

Wata rana bayan azahar, Giwa ta haɗiye katin gayyatar wani mutum, ta ƙi fitarwa. Na-Kaina ya durƙusa ya zura hannu a cikinta har kafaɗa kamar mai karɓar haihuwar saniya. Mutumin ya gaji da tsayuwa, ya ce zai dawo, aka ga ƙeyarsa ta shige ƙofar gilashi. Uwata ta tashi ta tura ƙyaure.

"Baba, Mai Gilashi ya yi mini magana. Yana neman wanda zai riƙe masa shago."

Bai ciro hannunsa ba. Ya ce, "Me kika ce masa?"

"Na ce zan yi shawara da kai. Ba na so in tafi, Baba, wallahi ba na so. Amma ba zan ƙare rayuwata ina ba mutane haƙuri a madadin inji ba. Mu ɗauko na haya."

"Kayan aro ba ya rufe katara, Uwata."

"Namu na kanmu ya rufe ta? Dubi hannunka fa."

Ya ciro hannun, baƙi ƙirin har gwiwa. Ya ce, "Ki yi ta biya, wata ya kama ki biya, wata ya mutu ki biya, ki shekara nawa kina biya, ko sukurun jikinsa ba naki ba. Wannan ba ciniki ba ne, bauta ce."

"Gatarin nan da kake faɗa, in ya dakushe wasa shi ake yi, ya kai jika. Kwamfuta tun tana cikin kwali take tsufa. Filin Inna yana ina yanzu? Ga shi can a tsaye yana cin katin mutane."

Wannan ta shige shi. Ya ce a hankali, "Kuma ranar da suka ga dama, su zo su ɗaga."

"Ba haka ake yi yanzu ba. Akwai wa'adi. In ya cika su ɗauki tsohon su ajiye sabo."

"Haka aka ce wa kakanki."

Ta ɗauki mayafinta ta ce, "To, ka zaɓa, Baba. Ko baƙon inji a shagonka, ko 'yarka a shagon baƙo."

Ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Daga ƙarshe ya sa hannu a takardar haya, da sunansa, don shagon nasa ne. Wakilin kamfanin, wani dogon mutum mai sanyin murya da ake ce wa Dogo, ya zo da ma'aikata suka jera kaya: kwamfuta siririya da farin inji wanda bai kai rabin Giwa ba, ba ya ƙara, ba ya wari. Dogo ya karanta sharuɗɗa. Lalacewa ta yau da kullum tasu ce. Ɓarna da gangan kuwa, mai shago zai biya, kuma kamfani ba ya sake hulɗa da shi.

Na-Kaina ya ce ya ji. Ya ja kujerarsa ya kai bakin ƙofa, ya ba injin baya. Ya sa masa suna Baƙo. Ba ya taɓa shi, ba ya ɗora masa ko kofi. In zai wuce sai ya tattare rigarsa kamar mai tsallake kwata. Giwa aka tura ta lungu, aka mai da bayanta wurin ajiye takarda, kullum da safe sai ya share mata ƙura kafin ya share nasa takalmin. Ɗalibai suka fara dawowa. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Ana nan sai haihuwa ta zo wa Uwata, ta zo da wahala, a daidai lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundi. Likita ya ce ta kwanta. Aiki ya taru a shago har kan bayan Giwa, kowa da ranar da aka yanka masa. Na-Kaina ya tsaya a gaban Baƙo da hannu a baya, ya daɗe, sannan ya yi bisimilla ya ja kujera.

Makonnin nan shi da injin ne kawai. Safe ya leƙa asibiti, ya dawo ya zauna, ya buga, ya jera, ya ɗinke. Yana jiran ranar da Baƙo zai nuna halinsa na kayan mutane, ranar ba ta zo ba. Takarda tana fita da ɗumi, fara tas, babu baƙin layi. Tun yana yi masa tsawa har ya koma yi masa hira. Wani maƙwabci ya rantse ya ji shi yana ce masa, "Sannu, ɗan albarka, saura kaɗan."

Ranar da ya miƙa kundi na ƙarshe, da hantsi, aka yi masa waya cewa an sallami Uwata, ita da jariri lafiya. Ya ajiye wayar. Shago shiru, sai fanka. Ya dafa murfin injin na gefe yana shafawa kamar wuyan doki, zuciyarsa cike, kansa babu komai. Hali zanen dutse. Bai san sanda hannunsa ya shiga aljihu ba. Ƙarar ƙusa a kan roba ce ta farkar da shi, lokacin kuwa layi biyu sun riga sun zauna, zurfafa, ba na wasa ba.

Ya tsaya yana kallonsu. Ya sa yawu ya goga, ya sa gefen riga. Can ya ga abin ba mai goguwa ba ne, sai ya ce a ransa rabin alama ta fi cikakkiya muni. Ya ɗiga ɗigon.

Da Uwata ta dawo aiki, goye da ɗanta, kafin ta zauna ya nuna mata da kansa. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba! Kayan mutane?"

"Hannuna ne ya riga ni."

"Ka san abin da Dogo ya karanta kuwa? In suka ɗauke ba su kawo wani ba, da me za mu yi aiki? Da Giwa?" Ta zauna ta yi tagumi. Can ta ce, "Bari in samo takarda mai gam, irin ta talla, in manna a wurin. Wa zai ɓanɓare?"

"Ba za a manna ba."

"To mu ce wani yaro ne ya yi."

"Wane yaro ne ya san alamar kakanki? Amana aka ba ni, Uwata. Na ɓata ta, ba zan ƙara da ƙarya ba."

Daga ranar ya daina ba injin baya. Kujerarsa ta juyo tana fuskantar alamar, yana kallonta kamar mai kallon kabarin da ya haƙa da kansa. Ya rame. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar shago, sai ƙafarsa ta dama ta fara rawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa'adi ya cika, motar kamfani ta tsaya, Dogo ya sauko da ma'aikata biyu da sabon kwali a baya. Kuma kamar da gangan, suka tarar Baƙo yana tsakiyar aiki, yana fitar da takardun jarrabawar wata makaranta, rabi a waje rabi a ciki. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya nufi bango zai zare waya.

Na-Kaina ya miƙe. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba, muryarsa ta fito ƙarama kamar ta yaro. Ya ce, "Don Allah ku bari ya kai ƙarshe. Aikin mutane ne a ciki."

Dogo ya ɗaga wa ma'aikacin hannu. Ya ce, "Haba Baba, ai ba kora muka zo yi ba. Ku gama. A samo mana benci."

Suka zauna a inuwar ƙofa suna hirar ƙwallo. Na-Kaina ya tsaya a kan injin yana karɓar takarda ɗai-ɗai, har ta ƙarshe ta faɗo hannunsa da ɗuminta. Ya daidaita su, ya ajiye. Ya daɗe a tsaye bai juyo ba, Uwata ma ta kau da kai ta shiga gyara goyo.

Sannan ya kira Dogo ya nuna masa murfin.

Dogo ya sa yatsa ya bi layukan. Ya dubi ƙyauren shago, ya dubi ƙafar kujera, ya dubi butar da ke bakin ƙofa, duk alamar nan ce a jikinsu. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Baba, ni ban ga komai a ƙyaure ba. In ka ce mini karo aka yi da shi wajen shara, karo zan rubuta. Ku biya murfi, a wuce wurin."

Uwata ta ce, "Baba," a hankali, ba ta ƙara ba.

Ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma ba karo ba ne. Da hannuna na yi, da ƙusata, ga ta nan."

"To ka ɗaure ni. In na rubuta da gangan, ofis ba za su sake ba da kaya da sunanka ba. Ba ni na kafa dokar ba. Kwalin can sai dai in koma da shi."

A tsallaken titi ƙofar gilashi tana buɗewa tana rufewa. Na-Kaina ya dubi wurin da injin yake, ya hango shi fili, ya hango 'yarsa tana tsallaka titi da goyonta.

Ya ce, "Da sunana ka ce?"

"Da sunanka."

"In mai shagon wani ne fa?"

Dogo ya ce, "In mai shagon wani ne, sabuwar hulɗa ce. Amma fa mai shago na gaske, ba na baki ba. Za su nemi shaida."

Na-Kaina ya kwance igiyar da ke ɗaure a wandonsa, wadda mukullin shago ya shekara aru-aru a jikinta. Yatsunsa suka yi ta fama da ƙullin, babu wanda ya taya shi, don kowa ya san ba a taya shi. Ya kamo hannun Uwata ya sa mata a tafi, ya rufe da nasa.

"Gobe mu je a juya takardun. Ɗana, ga mai shago nan. Yi magana da ita."

"Baba, shagonka ne fa," in ji ta, hawaye na zuba. "Na kanka ne."

"To ai shi ya sa zan iya bayarwa. Da na haya ne da ban isa ba."

Kwalin bai sauka a ranar ba, sai da aka juya takardu aka kai shaida. Murfin da ya zana, aka caje shi kuɗinsa, ya biya daga aljihunsa, ya kuma tsaya kai da fata sai an kunce an ba shi abinsa, tunda ya saya. Dogo ya yi dariya ya sa aka kunce. Haka aka fita da Baƙo da gefe ɗaya tsirara, Na-Kaina ya raka shi har bakin mota.

Ranar da sabon inji ya iso, aka jera shi, aka kunna, ya yi ɗan tsaki ya fitar da shafin gwaji fari tas. Na-Kaina ya matso ya dafa shi. Uwata tana kallo ta ga hannun dama ya nufi aljihun gaba.

Ta miƙa tafinta. "Baba. Kawo."

Ya dube ta, ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya zaro ƙusar ya ba ta. Ta ɗauko dutsen da ake tare ƙyaure da shi, ta hau kujera, ta kafa ƙusar a bango sama da Giwa, ta buga ta har ta zauna. Sannan ta ce ya miƙo mata murfin, ta rataye shi a kai, layi biyu da ɗigo suna kallon ƙofa.

Yanzu in ka bi ta layin da safe, za ka tarar da ƙyauren a buɗe, yatsun Uwata suna ruwan sama a ciki. Shi kuma yana bakin ƙofa a kan kujerarsa, jikansa a cinya, ƙafarsa ta dama a ƙasa, shiru. In baƙo ya tambaye shi ko shi ne mai shagon, sai ya nuna ciki da haɓa ya ce, "Na Uwata ne." Ya ɗan jira, sannan ya nuna bango. "Amma wancan murfin, na kaina ne."